Matar da Ta Sace 'Yarta

Tun ranar da Auta ya sayi wayar nan mai ido uku a bayanta, Maman Ɗigo ta daina sanin inda kayan gidanta suke kwana. Yau ta nemi wuƙar yanka albasa ta rasa, gobe a dawo mata da ita an shafe ta da jan fenti. Tsohuwar jakar mijinta ta zama jakar kuɗin fansa. Hatta fitilar da take ɗaurawa a kan keken ɗinki idan wuta ta ɗauke, sai da ta shiga fim, an haska fuskar wani yaro da ita ana tambayarsa inda ya ɓoye gawa.

Auta ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta goye shi. Abokansa suna kiransa Darakta. Ita kam bakinta bai taɓa iya furta wannan suna ba. Shi da abokan nasa suna shirya gajerun finafinai, duk na sata da kisa da 'yan sanda, kafin ka gama shan shayi fim ya ƙare. Su saka a shafinsu, su zauna suna jiran masu kallo kamar masu jiran ruwan sama. Ba ta hana shi ba. Gara wannan da zaman bakin titi.

Ran nan ya shigo tana tsakiyar kafa hannun riga, ya tsuguna kusa da keken yana ta wasa da ƙyallayen da suka zube. Da ganin wannan ladabin ta san da magana.

"Yaya, aron Ɗigo za ki ba mu."

Ta ɗaga ƙafa daga keken. "Aron wa?"

"Ɗigo. Na ɗan lokaci ne. Fim ne na satar yara, faɗakarwa ce, iyaye su riƙa lura."

"Auta, 'yata ce ko bokiti? Tashi ka ba ni wuri."

Bai tashi ba. Ɗigo kuwa, wadda aka laƙaba wa wannan suna saboda ƙanƙantarta ranar da aka haife ta, tuni ta haye bayan kawunta tana ja masa kunne. Shekararta huɗu, kuma a duniya ba ta da abokin da ya kai Kawu. Ya yi roƙo, ya yi rantsuwa, ya kawo zancen 'yan'uwantaka har sai da Maman Ɗigo ta gaji. Ta kafa masa sharuɗɗa: ba wuƙa, ba jini, ba mai ɗaga wa yarinyar murya, kuma ƙafarta ƙafar 'yarta. Ya ce ya ji, ya amince.

Washegari da hantsi suka taru a lungun bayan gidan. Auta ya taka kujera ya ɗaure wayar a saman katanga, tana kallon ƙasa. Ya ce so yake ya zama kamar kyamarar tsaro ce ta ɗauka. Dogo, abokinsa mai riƙe sandar ɗaukar murya, shi ne zai fito a ɓarawon. Akwai kuma wata yarinya 'yar makaranta da suke kira Mai Hawaye, don ita ko gaisuwa ka ce ta yi da kuka za ta yi. Ita ce uwar yarinyar a fim.

Da ita aka fara. Aka miƙa mata takalmin Ɗigo ƙafa ɗaya, ta rungume shi a ƙirji ta durƙushe a bakin ƙofa tana rusa kuka, tana kiran jama'a su taimaka mata. Maman Ɗigo ta dubi 'yarta da ke tsaye a gefenta tana tsotsar alewa, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"To ai ba a sace ta ba tukuna," ta ce. "Kukan me take yi?"

"Yaya, ba a jere ake ɗauka ba. Daga baya ake haɗawa."

"Wato sai an yi kuka sannan a yi sata."

"Ki bari kawai, za ki gani."

Da aka zo kan satar, Ɗigo ta ce ba ta san zancen ba. Dogo ya saka baƙin gilashi ya miƙo mata hannu, ta ruga ta ɓuya a bayan uwarta. Ya cire gilashin, ta leƙo ta yi masa gwalo. Aka ba ta alewa, ta karɓa ta koma maɓoyarta. Rana tana ta ɗagawa, Auta yana ta duban sama yana cewa haske zai lalace. Can sai ya juyo ya ƙura wa yayarsa ido.

"Yaya, ke ki ja ta mana."

"Ni?"

"Ke kaɗai za ta bi. Bayanki kawai za a gani, wallahi. Ki riƙe hannunta, ki yi sauri, ki ɗan waiwaya sau ɗaya kamar marar gaskiya, ki shige kwana. Shi ke nan."

Akwai ɗinkin mutane yana jiranta a ɗaki, kuma so take a gama ta shigar da yarinyar inuwa. Ta gyara koren mayafinta mai ɗigo-ɗigon fari, ta kama hannun 'yarta. Auta ya tsuguna gaban Ɗigo ya koya mata abin da za ta faɗa: idan ta ga Kawu ya ɗaga hannu, ta ja baya ta ce da ƙarfi, "Ba mamata ba ce!" Duk faɗa ɗaya, alewa ɗaya.

Wannan kalma ba ta yi wa Maman Ɗigo daɗi ba ko kaɗan. Ta buɗe baki za ta hana, sai ta ga yarinyar tana ta ƙyalƙyala dariya tana maimaitawa. Ta ce a ranta, wasan yara ne. Aka ɗauka, aka sake, aka kuma sakewa, har alewar ta ƙare.

Bayan 'yan kwanaki ta manta da zancen. Wata mai ɗinki ta kawo mata yadi tana son wasu maɓallai masu ƙyalli da babu irinsu a shagunan unguwa, dole sai babbar kasuwa ta can ƙetaren gada, inda ba ta cika zuwa ba. Ta yi wa Ɗigo wanka, ta yafa koren mayafinta, suka hau mota.

Tun a layin masu yadi ta fara jin wani iri. Wani saurayi ya dube ta, ya dubi wayarsa, ya sake dubanta. Ta shafa fuska ko wani abu ne ya manne mata. Wasu mata biyu suka daina ciniki suka bi ta da kallo. Ta duba bayan zaninta, ba komai. Ta ƙara damƙe hannun Ɗigo ta ƙara sauri, ta ɗan waiwaya.

"Ita ce!" wani ya ce. "Wallahi ita ce, ga waiwayen nan!"

Tana isa ƙofar shagon maɓallai aka finciko mayafinta ta baya. Wata dattijuwa ce, mai tallar tsintsiya, ta kanannaɗe bakin mayafin a hannunta.

"Baiwar Allah, ina za ki da 'yar mutane?"

"'Yar wa? Iya, sakar mini mayafi. 'Yata ce."

"'Yarki? Kai, yaro, nuna mata."

Saurayin nan ya tura mata waya a fuska. Da farko ba ta gane abin da take kallo ba. Hoto ne dishi-dishi, an ɗauko daga sama, ga kwanan wata da lokaci suna motsi a kusurwa. Wani lungu. Wata mata tana jan wata yarinya. Sai da yarinyar ta ja baya ta yi ihu sannan ta gane lungun bayan gidanta ne, matar nan kuma mai waiwaye kamar marar gaskiya ita ce, har rabin fuskarta ya fito. Daga nan sai ga Mai Hawaye a durƙushe da takalmi. Babu sunan fim, babu sunan Darakta, babu komai. A ƙasa an rubuta layi ɗaya tak: wa ya san wannan matar?

Sai a lokacin ta tuna Auta ya taɓa yi mata bayanin dabararsu. Kafin su saki fim, sukan gutsuri inda ya fi zafi su saka shi tsirara, ba tare da an ce fim ba ne, don mutane su ruɗe su yi ta turawa. Idan magana ta yi zafi sai su fito su ce ga cikakken nan. Ranar da ya faɗa mata tana auna wuyan riga ne, ta ce masa Allah ya ba da sa'a.

"Fim ne," ta ce. "Ƙanina ne ya ɗauka. Wasan kwaikwayo ne."

"Ji ta! Wai fim!"

"Duk haka suke cewa."

"Ni a wajen matar wana na gani, ta ce a unguwarsu aka yi."

"Ƙarya ne, a bayan tashar mota ne, na san lungun."

Kafin ta haɗiye yawu mutane sun kewaye su. Ta sunkuya za ta ɗauki Ɗigo, dattijuwar ta riƙe ɗaya hannun yarinyar. Ko'ina ta duba wayoyi ne a sama, kowa yana ɗauka. Wani mai faci ya tsuguna gaban Ɗigo ya sassauta murya.

"'Yan mata, kada ki ji tsoro. Wannan mamanki ce?"

Ɗigo ta dubi hannayen da aka ɗaga, ta dubi wayoyin. Fuskarta ta washe. Ta ja baya, ta cika ƙirji da iska.

"Ba mamata ba ce!"

Sannan ta miƙa tafin hannunta tana jiran alewa.

Abin da ya biyo baya Maman Ɗigo ba ta iya jera shi ko daga baya. Ta san an yi salati. Ta san wani abu ya bugi kafaɗarta, takalmi ne ko dutse ba ta sani ba. Ta san ta faɗa kan yarinyar ta rufe ta da jikinta, tana cewa su dake ta ita amma su kula da kan yarinya. Mai shagon maɓallai ne, wani dattijo mai furfura a gemu, ya fito ya janye su ciki, har da mai tsintsiya da ta ƙi sakin hannun Ɗigo, ya tura teburinsa ya tare ƙofa.

"Ba wanda zai taɓa kowa a shagona," ya ce. "An kira ɗan sanda. In ɓarauniya ce, ga ta nan, ba ta da fiffike."

Ta lalubo 'yar wayarta mai madannai, ta kira Auta. Ya ɗauka da murna.

"Yaya! Kin gani kuwa? Abin ya tashi! Tun da muke ba mu taɓa samun..."

"Auta, ka zo layin maɓallai a babbar kasuwa. Yanzu. Za su kashe ni."

"Su wa?"

"Masu kallonka!"

Zaman jiran nan ya yi mata tsawo. Ɗigo ta fara gane cewa wasan ya canza, ta shiga zare ido. Maman ta yi ta neman abin da za ta nuna. Takardar haihuwa tana gida cikin akwati. Wayarta ba ta ɗaukar hoto. Ta ce su dubi kama, wani daga waje ya ce shi bai ga kama ba, hancin ma ba ɗaya ba ne. Gaskiyarsa kuwa, Ɗigo ubanta ta ɗauko. Ta ce su tambayi yarinyar sunanta, aka tambaya, Ɗigo ta saka yatsa a baki. Shekara huɗu tana wanki da raino da kwana a zaune in zazzaɓi ya zo, ba ta taɓa tunanin akwai ranar da za a ce ta kawo shaida ba, kuma ta rasa.

Ɗan sanda ya riga Auta isowa. Mutum ne mai jiki, gumi ya jiƙa masa riga, da gani daga wani rikicin aka taso shi. Ya kalli hoton a wayar mutum uku daban-daban, kamar ko na wani zai bambanta. Ya dubi mayafin. Ya ce, "Hajiya, wannan dai ke ce."

"Ni ce, ranka ya daɗe. Amma 'yata ce."

"To me ya sa kika sace ta?"

"Ban sace ta ba. Cewa aka yi in yi kamar na sace ta."

"Wa ya ce?"

Sai ga Auta yana kutsowa cikin mutane yana haki, yana cewa a ba shi hanya shi ne Darakta. Kuma don ya kawo hujjar da ba mai musu, ya biya ya ɗauko Mai Hawaye a kan babur ɗin haya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Jama'a na ganin fuskarta kasuwa ta ɗauka.

"Ga uwar nan! Ga uwar ta zo!"

"Allah sarki, dubi yadda ta rame!"

Mata suka rungume ta, suna shafa mata kai, suna tura ta gaba. Mai Hawaye ta ga taron, ta ga ɗan sanda, ta tsorata, sai kuwa hawaye suka ɓalle, wannan karon na gaske. Tana cewa, "Ba 'yata ba ce, ni ko aure ban yi ba," amma kuka ya shaƙe maganar, abin da ake ji kawai shi ne "'yata". Auta yana ɗaga wayarsa yana ihu cewa a tsaya a ga cikakken fim, wani ya ce shi ma a riƙe shi, da shi aka haɗa baki. Aka riƙe masa kwalar riga.

Ɗan sandan ya share gumi. Ya sunkuya ya ɗauki Ɗigo. Maman ta riƙe ƙafar yarinyar, ya ce ta saki, ta ga in ta ja za a ji wa 'yarta ciwo, ta saki. Ya tsallaka teburin ya ɗora ta a hannun Mai Hawaye. Mutane suka fara tafi.

Mai Hawaye ta riƙe ta nesa da jiki, kamar an ba ta tukunya mai zafi. Ɗigo ta dubi fuskokin da suka yi mata rumfa, ta waiga ba ta hango uwarta ba. Ta sandare. Sai ga ruwa yana bin ƙafafunta, yana sauka a kan rigar Mai Hawaye har ƙasa.

"Wayyo, ta yi mini fitsari!" in ji Mai Hawaye, ta dire ta a ƙasa ta ja da baya tana yarfe hannu.

Ɗigo ta tsaya a tsakiyar fili cikin jiƙaƙƙen wando, ta wage baki. Kukan ya daɗe bai fito ba. Da ya fito kuwa, kalma ɗaya ce a cikinsa, "Mama", kuma ba wanda ya koya mata ita.

Maman Ɗigo ba ta san lokacin da ta ture teburin ba. Maɓallai suka watse a ƙasa. Ta ratsa ta gefen ɗan sandan ta durƙusa, ta juya wa taron baya, ta baza mayafinta ta kare yarinyar daga idon mutane.

"Ya isa, ya isa, ga ni. Ba komai, ba laifinki ba ne. Ɗaga ƙafa. Ɗaya. Yawwa."

Ta zuge jaka ta fito da wani wando a naɗe, da tsumma, da gorar ruwa. Ta wanke ta, ta goge, ta saka mata busasshe, ta ƙulle jiƙaƙƙen a leda. Ɗigo ta cusa kai a wuyanta ta riƙe ta da hannu biyu tana sheshsheƙa. Maman ta ɗago ta dubi masu wayoyin.

"Ku sauke mana, ƙaramar yarinya ce. Ba ku da 'ya'ya ne?"

Wayoyi suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Mai tsintsiya ta daɗe tana kallon ledar nan da wandon, sannan ta saki dogon numfashi.

"Ɓarauniya ba ta yawo da wandon canji," ta ce. Ta juya kan saurayin da ya fara nuna hoton. "Kai kuma da shegen nune-nune, ka sa na ci mutuncin 'yar mutane."

"Iya, ni ma turo mini aka yi."

Sai yanzu aka saurari Auta. Ɗan sandan ya karɓi wayarsa ya kalli abin da aka ɗauka tun daga farko, da Dogo da gilashinsa, da alewa, da muryar Maman Ɗigo tana cewa a yi a gama rana tana dukan yarinya. Ya kalla ya sake kalla, sannan ya tambayi Auta, shi dai tsakani da Allah, a ƙarshe an ga yarinyar ko ba a gan ta ba. Auta ya ce ba su ɗauki wajen ba tukuna. Ɗan sandan ya yi tsaki, ya sa shi ya goge hoton daga shafin a gabansa, ya ce gobe da safe ya zo ofis shi da duk abokan nasa.

"Na goge, Yaya," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa. "Amma na wayoyin mutane..."

Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta buƙaci ya ƙarasa ba. Magana zarar bunu ce. Ta tsuguna ta taya mai shago tsince maɓallansa da hannu ɗaya, don Ɗigo ta ƙi sauka. Ta ba shi haƙuri, ya ce ta je kawai, Allah ya kiyaye gaba. Sai da suka fita daga layin ta tuna ba ta sayi abin da ya kawo ta ba, kuma ba ta jin za ta iya komawa.

A bakin kasuwa ta tsaya. Tsakaninta da gida akwai tasha, akwai mota cike da mutane, akwai doguwar hanyar unguwa, kuma kowa da waya a aljihunsa. Gobe akwai kai Ɗigo makaranta. Ta miƙa wa Auta hannu.

"Kawo wayar."

Ya ba ta ba musu. Ta jefa a jaka ta zuge.

"Wuce gaba. Duk wanda ya kalle mu, ka tsaya ka gaya masa fim ne, kai ka shirya, ni yayarka ce, wannan 'yata ce. Yau, da gobe, da jibi, har sai an daina kallonmu."

"Yaya, kowa da kowa?"

"Ba masu kallo kake nema ba? Ga su nan."

Ya wuce gaba, kai a sunkuye. Ba su yi nisa ba wani mai gyaran takalmi ya ɗago ya dube su. Auta ya tsaya ya gaishe shi, ya fara bayani tun daga kan kyamarar tsaro. Mutumin ya saurara baki buɗe, allura a hannu.

"Wane fim kuma?" ya ce. "Wace yarinya aka sace? Ni ban gani ba. Nuna mini mana."

Auta ya shafa aljihu, ya waiwayo yana neman yayarsa. Ita kuwa ba ta tsaya ba. Ta gyara wa Ɗigo zama a kafaɗa, ta dafe mata kai da tafin hannu, ta nufi tasha.